Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga shugabannin makarantun injiniyoyi na arewacin Kamaru

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranku ya daɗe, shugabanni da malaman makarantun da ke horar da injiniyoyi a Marwa da Kayele da Ngaundare da Meiganga. Ina gaishe ku da aiki, ina kuma roƙon ku karanta wannan takarda da haƙuri, domin ta fito ne daga wanda yake karɓar ɗalibanku bayan sun bar hannunku. Ni shugaban ma'aikata ne a wurin gini, wanda ake kira shef a shantiye. A Garwa nake zaune, aikina kuwa ajujuwan makaranta, kwalbatoci, tankunan ruwa da gidajen kwana. Yaranku suna zuwa wurina sitaj, wato koyon aiki a fili, a lokacin hutu, wasu kuma suna zuwa da takardar kammalawa a hannu suna neman abin yi. Na zauna da su a rana da inuwa, na ci abinci kwano ɗaya da su, shi ya sa nake jin ina da bakin magana.

Buƙatata guda ce. Kada ku bari ɗalibi ya fita da sunan injiniya alhali bai taɓa riƙe ragamar wani aiki na gaske ba, komai ƙanƙantarsa: aikin da ke da kuɗi, da mutane a ƙarƙashinsa, da ranar da dole a gama, da jama'ar da za su tare shi su tambaye shi idan abin bai yi kyau ba.

Na san daga inda muka fito. Akwai lokacin da yaro daga Mokolo ko Yagwa, in yana son zama injiniya, sai ya tattara ya nufi Yawunde ko Duwala, in iyayensa suna da halin hakan. An buɗe Jami'ar Marwa a 2008, a 2017 kuma cibiyar Sahel da ke cikinta ta koma babbar makarantar fasaha, inda ake karanta gine-gine, sarrafa ruwa, makamashin rana da kwamfuta. A Dang kusa da Ngaundare ga ENSAI, makarantar fasahar sarrafa amfanin gona, da IUT, cibiyar fasaha ta jami'a, sun daɗe suna yaye ƙwararru, ga makarantar ma'adinai a Meiganga, ga ta man fetur a Kayele. Wannan ni'ima ce, kuma ina shaidar cewa yaran da kuke turo mana sun san karatu. Ka miƙa wa ɗayansu zanen gini, nan take zai gaya maka girman rodin da ya dace da kowane ginshiƙi, ya buɗe kwamfuta ya lissafa maka nauyin da dal, wato rufin kankare, za ta ɗauka. A wannan fanni ba ni da ƙorafi ko kaɗan.

Inda gizo ke saƙa shi ne ranar da aka ce masa: ga mutum goma sha biyu, ga buhunan siminti, ga kuɗin sallamar leburori ranar Asabar, kai ne mai wurin.

Bari in ba ku labarin abin da na gani da idona. Wani watan Afrilu muna zuba dal a kan wasu ajujuwa, a wani gari da ba sai na faɗi sunansa ba. Kun san zafin Afrilu a ƙasar nan, ana haura digiri 40, kwaɓi yana bushewa a baro kafin a kai shi sama. An ba wani sabon injiniya kula da wurin, yaro mai hankali da ladabi. Babban magininmu dattijo ne da ya yi furfura a sana'ar. Da rana ta take, kwaɓin ya soma tauri, leburori suka fara gunaguni, sai dattijon ya sa aka riƙa ƙara ruwa bokiti bayan bokiti don shebur ya yi sauƙin ɗiba. Injiniyan ya matsa kusa da shi, murya ƙasa-ƙasa, ya ce, "Baba, kamar ruwan ya yi yawa." Dattijon ko waiwayowa bai yi ba, ya ce, "Ɗana, tun ba a haife ka ba nake zuba siminti." Shi ke nan. Yaron ya ja da baya, ya tsaya gefe da littafinsa yana rubutu. Da na iso na tarar kwaɓin ya zama kunu, na sa aka dakata, aka zubar da abin da ke cikin injin, muka ɗage sauran zuwa asuba.

Da yamma na zaunar da shi na tambaye shi. Wallahi bayanin da ya yi mini ya fi wanda zan iya yi: yadda yawan ruwa ke barin ƙananan ramuka a cikin kankare idan ya bushe, yadda ƙarfinsa ke raguwa, dalilin da ya sa ake sa buhu 7 na kilo 50 a kowace mita kubik ta kankaren irin wannan aiki, dalilin da ya sa ake shayar da shi ruwa a kwanakin farko kuma ake jiran kwana 28 kafin a auna cikakken ƙarfinsa. Na ce to me ya hana ka tsayar da aikin? Ya sunkuyar da kai ya ce, "Shef, ta yaya zan tsawata wa sa'an mahaifina a gaban yaransa?"

Ban ga laifinsa ba. Tarbiyyar gidansu ce, kuma tarbiyya ce mai kyau wadda ba na fatan ya yar da ita. Abin da bai sani ba shi ne akwai hanyar da ake bi. Tun jajibere ake zama da magini a sha shayi, a amince a kan bokitin awo guda da yawan ruwan kowane kwaɓi, a sa dattijon shi da bakinsa ya sanar da yaransa. A tsara fara zubi da asuba kafin rana ta buɗe. In an ga kuskure, a ja shi gefe a yi magana inda babu kunnen lebura. In duk wannan bai yi ba, a kashe injin a ce ba za a ci gaba ba, ko da ran kowa zai ɓaci, domin yara ne za su zauna ƙarƙashin wannan rufi. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke da wuyar fahimta, amma babu wanda zai iya su ranar farko. Sai mutum ya gwada, ya ji zuciyarsa na bugawa, ya ga fuskar wanda ya ɓata wa rai, ya kuma ga gobe an gaisa lafiya. Yaron nan ya yi shekara biyar a makaranta, kuma a cikinsu babu ranar da aka ɗora masa nauyin ko mutum uku.

Ranku ya daɗe, ƙasar da waɗannan yara za su yi wa aiki ba mai sauƙi ba ce. Madatsar Lagdo, wadda aka gama a 1982 da ƙarfin megawat 72, ita ce ta daɗe tana riƙe da wutar jihohin arewa uku, kuma mun sha duhu a shekarun da ruwanta ya ja baya. An kafa tashoshin hasken rana a Marwa da Gidar, suna buƙatar masu kula da su. Bangon tafkin Maga da aka gina a 1979 ya kai wajen kilomita 27, da shi da bangon kogin Logon rayukan dubban manoman shinkafa ne ke rataye a kansu, kuma ba mu manta ambaliyar 2012 ba. A ƙarshen watan Agusta na 2020 gadar Palar ta karye a Marwa, hanyar Mora da Kuseri da Njamena ta shiga wahala. A daminar 2024 ruwa ya ci gidaje da gada a Yagwa. Ga baƙar ƙasar karal da ake shuka masakwa a kanta, mai kumbura da damina ta tsage da rani, wadda ke farfasa bangon duk wanda ya raina ta wajen haƙa tushe. A irin waɗannan wurare, ranar da abu ya ɓaci, lissafi kaɗai ba ya tare ruwa. Ana buƙatar wanda zai tara samari da buhunan ƙasa da tsakar dare, ya san wa zai kira, ya raba aiki, ya gaya wa hakimi ko magajin gari gaskiya ko da ba ta da daɗi. Idan ba mu tarbiyyantar da irin wannan mutum a cikin 'ya'yanmu ba, kullum daga nesa za a riƙa kawo mana mai ba da umarni, namu kuma su riƙe masa jaka.

Za ku ce ai akwai sitaj, akwai wakilan aji, akwai ƙungiyoyin ɗalibai. Haka ne, kuma ban raina su ba. Amma wakilin aji mutum ɗaya ne cikin mutane da yawa, galibi wanda dama can bakinsa a buɗe yake, aikinsa kuma isar da saƙon canjin lokacin darasi da raba takardu. Sitaj kuwa, yadda ake yin sa a wurare da dama, kallo ne. Ɗalibi ya zo da hular kwano sabuwa, ya bi bayan injiniya, ya ɗauki hotuna, ya cika rahoto mai shafuka da yawa, a buga masa hatimi. Manyan wuraren aiki a arewa ƙidayayyu ne: kamfanin auduga na Sodecoton, na shinkafa na Semry a Yagwa, masana'antar siminti ta Figil, tashar jirgin ƙasa ta Ngaundare, kamfanin wuta, da 'yan kamfanonin hanya. Ba za su iya ɗaukar kowa ba, kuma babu mai hankalin da zai miƙa wa ɗan shekara ta biyu injin miliyoyin sefa ya ce ya shugabanci masu aiki da shi. Ashe ke nan gurbin koyon jagoranci dole a neme shi a ƙananan ayyuka, inda kuskure ba ya kashe kowa, amma ana jin zafinsa.

Irin waɗannan ayyuka kuwa sun yi mana yawa, ba kaɗan ba. Ku fara daga cikin harabarku. Famfunan da ke ɗiga a ɗakunan kwanan ɗalibai, magudanar da ke toshewa duk damina, fitilun hanya da suka mutu, faifan sola da ƙurar hunturu ta lulluɓe. Me zai hana a ɗauki ɗalibai biyar 'yan shekara ta biyu, a naɗa ɗaya shugaba, a ce ga wannan layin famfo, ku auna, ku kawo lissafin kuɗin gyara, ga kuɗin, ga mai gyaran famfo na makaranta ku yi aiki tare, nan da mako uku muna son ruwa ya daina zuba? Zango mai zuwa a ba wani daga cikinsu shugabancin. Kafin a kai shekara ta uku kowa ya ɗanɗana, har da mai kunyar nan da ke zama a bayan aji, wanda sau da yawa shi ne ya fi kowa natsuwa in an ba shi dama.

Daga nan sai a fita gari. Jihohin Adamawa da Arewa da Arewa Mai Nisa suna da komin, wato ƙananan hukumomi, guda 89. Dokar raba iko ta watan Disamba 2019 ta tabbatar musu da nauyin rijiyoyi da famfunan ƙauye, ƙananan hanyoyi da ginin ajujuwa, kuma da yawansu ma'aikatan fasaharsu ba su taka kara sun karya ba. Duk wanda ke yawo a ƙauyukanmu ya san yawan famfunan tuƙa-tuƙa da suka tsaya, wani saboda roba ce kawai ta cinye, wani sanda ce ta tsinke a ciki, wani kuwa kwamitin da ke karɓar kuɗin gyara ne ya watse. Ku ƙulla yarjejeniya da magadan gari. Tawagar ɗalibai 'yan shekara ta uku ta ɗauki yanki guda, ta zagaya kowace rijiya, ta rubuta inda take da ciwon da ke damunta da kuɗin maganinsa, ta zauna da kwamitin ruwa, sannan shugaban tawagar ya tsaya gaban majalisar komin ya yi bayani da bakinsa, ya amsa tambayoyi. 'Yan shekara ta huɗu a ba su aiki mai kuɗi: ƙaramar kwalbati, makewayin makaranta, dakalin tanki da famfo mai aiki da hasken rana. 'Yan shekarar ƙarshe su zama masu sa ido a kan ƙannensu, domin koya wa wani aiki shi ma babban darasi ne.

Na ga amfanin wannan a kan wata ɗaliba da ta zo mini hutu tana shekara ta huɗu. Muna da aikin ɗora tanki da jan bututu zuwa famfuna a wani ƙauye, ni kuma hankalina ya rabu da wani aikin. Na ce mata, "'Yata, wannan naki ne. Ga magini, ga leburori, ga littafin kuɗi. Zan riƙa leƙowa, amma ke za a tambaya." Kwana na farko leburorin suka riƙa wuce ta suna neman lambata. Ban amsa ba, na ce su koma wurinta. Sai rigima ta taso a kan inda za a kafa famfo. Lawanin garin yana son a sa shi ƙofar gidansa, wurin kuwa tudu ne, ruwan ba zai hau da ƙarfi ba, kuma mata ba sa son tsayawa layi a gaban zauren da maza ke zama. Da ni ne, da wataƙila in yi magana da lawani kawai mu rabu a kan wani abu. Ita sai ta shiga cikin gidaje bayan la'asar, ta zauna a tabarma da matan da ke ɗiban ruwa, ta yi hira da su da Fulatanci, ta ji inda suke so da dalilinsu. Washegari ta ɗauki dogon tiyo mai haske ta cika shi da ruwa, ta kira lawani da dattawansa, ta durƙusa ta gaishe su, ta ce, "Allah ya ja zamaninka, Baba, ina so ka gani da idonka." Ta sa aka riƙe baki ɗaya a gindin tanki, ɗayan a ƙofar gidansa, ta nuna masa inda ruwan ya tsaya. Dattijon ya duba, ya yi shiru, sannan ya ce a kai famfon gindin tsamiya inda matan suka zaɓa, kuma shi da kansa ya sanar, kamar dama ra'ayinsa ne. Ba ta ce uffan ba. Da motar yashi ta ƙi zuwa, ta yi ciniki da masu amalanke suka kwaso daga mayo, wato rafi, ta zuba kaɗan a kwalba da ruwa ta girgiza don ta ga yawan laka kafin ta karɓa. Ranar Asabar ta biya kowa a gaban kowa, ta sa suka dangwala hannu. Kafin aikin ya ƙare, maginin da ya fara kiranta "yarinyar nan" ya koma cewa "a tambayi injiniya".

Abin da ke damuna shi ne ita sa'a ta yi ta faɗo inda aka sakar mata. Ƙawayenta nawa ne suka gama hutun nan suna ɗaukar hoto? Bai kamata abu mai muhimmanci haka ya dogara ga sa'a ko sanayya ba. Yau ɗan da mahaifinsa ke da aboki a babban ofis shi ke samun wuri mai kyau, ɗan manomi daga Mayo-Danay ko ɗan makiyayi daga Faro yana yawo da takardar neman sitaj daga ƙofa zuwa ƙofa har hutu ya ƙare. 'Yan mata kuwa, ko an ɗauke su, sai a zaunar da su ofis a ce rana za ta dame su, alhali iyayensu mata a cikin ranar nan suke noma. Idan makaranta ce da kanta ta tsara aikin, ta raba shugabanci bi da bi, ta sa shi cikin sharuɗɗan kammalawa, to ɗan kowa zai samu rabonsa.

Kuma don Allah ku sa masa maki mai nauyi. Ɗalibi ba wawa ba ne, ya san abin da ake ƙirgawa ranar sakamako, kuma duk abin da ba ya cikin lissafi zai bar shi sai in ya samu sarari. Makin kuma kada ya tsaya a kyan rahoto. A tambayi abokan tawagarsa ko ya yi musu adalci wajen rabon aiki. A tambayi magini ko ya zo a kan lokaci. A duba littafin kuɗinsa, kowace sefa da rasiɗinta. A koma bayan wata shida a ga ko famfon yana ba da ruwa. Batun kuɗin nan ina so in jaddada shi, domin duk mun san cutar da ke cin ayyukan gwamnati a ƙasashenmu: a rage siminti, a rage rodi, a raba abin da ya saura. Yaron da ya saba tun yana ɗan shekara ashirin ya tsaya gaban jama'a ya karanta abin da ya karɓa da abin da ya kashe, zai yi wuya a saya shi da arha daga baya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Haka nan harshe. Karatunku da Faransanci ne, wani lokaci da Ingilishi, kuma daidai ne. Amma a shantiye Fulatanci ake ji, da Hausa, da Larabcin Shuwa a wajen Kuseri, da Tupuri da Masa da Mundang da Mafa. Ku sa ɗalibi ya yi bayanin aikinsa sau ɗaya a gaban malamai da harshen makaranta, sau ɗaya kuma a gaban mutanen da aka yi wa aikin da harshen da suke ji, ko da ta bakin tafinta ne. Wanda ya iya fahimtar da tsohuwa dalilin da ya sa ba a haƙa masai kusa da rijiya, ya fahimci darasin da gaske.

Na san abin da zai zo ranku, domin ni ma nauyin rayuka ne a wuyana. Idan gini ya faɗi, wa za a kama? Amsar ita ce ɗalibi ba ya sa hannu a kan zane, kuma ba a barin sa shi kaɗai. Kowane aiki yana da malami ko injiniya mai rajista da ƙungiyar injiniyoyi ta ƙasa wanda alhakin ƙarshe ke kansa, yana duba rodi kafin a zuba, yana da ikon dakatarwa. Abin da ake sakar wa ɗalibi shi ne tafiyar da mutane, lokaci, kaya da kuɗi. A zaɓi ayyukan da ke ƙasa-ƙasa, a yi wa yaran inshora, a ba su takalmi da hula. Yankunan kan iyaka na Mayo-Sava da Mayo-Tsanaga da Logon-da-Shari, inda rikicin Boko Haram ya addabi jama'a tun wajen 2014, kada a tura kowa sai inda hukuma ta tabbatar da lafiyar hanya. Sauran ƙasar tana da faɗi.

Kuɗi fa? Ba na ce babu tsada ba, amma yawancin abin da nake magana a kai kuɗinsa dama an ware shi: makaranta tana da kason gyare-gyare, komin tana da kason ruwa da ajujuwa. Abin da za a ƙara shi ne kuɗin mota da abincin yaran, wanda dole a ba su, in ba haka ba talaka ne zai sake faɗuwa. Akwai kuma hanyar ƙaramin kamfanin ɗalibai, irin wanda aka fara a Faransa a 1967 ya bazu duniya, inda ɗalibai da kansu ke karɓar ƙananan kwangiloli na awo da zane da bincike, su zaɓi shugabanninsu duk shekara, su riƙe asusu. Dokar manyan makarantu ta watan Yuli 2023 ta buɗe ƙofar haɗa jami'a da sana'a, saura a shiga. Sai dai a kiyaye abu biyu: kada ya zama hanyar da wani babba zai riƙa samun ma'aikatan banza don kwangilarsa ta kansa, kuma kada siyasar jam'iyya ko ta ƙabila ta shiga zaɓen shugabanninsa. Asusun ya zama mai sa hannu biyu, a karanta shi a bainar ɗalibai ƙarshen kowace shekara.

Lokaci kuma, na ji malamai suna cewa manhaja ta cika maƙil. Ina girmama wannan, amma ina roƙon ku duba da kyau. Awowin da ake kashewa a laccar koyon shugabanci, inda baƙo zai zo da majigi ya yi magana ɗalibai su tafa a raba takardar halarta, da an mai da su fili da sun fi amfani. Iyayenmu magina ba su san majigi ba, amma suna da tsari. Yaro yana farawa da kwaɓa ƙasa da miƙa tubali, sannan a bar masa katangar baya, sannan ɗaki guda da yara biyu a ƙarƙashinsa, maigidansa yana zaune a inuwa yana kallo, ba ya tsoma baki sai ya ga za a yi ɓarna. Ba a kiran sa magini sai an ga yadda ya riƙe mutane. Ilimin da kuke bayarwa ya fi nasu zurfi nesa ba kusa ba, wannan tsari nasu ne kawai nake so ku ara.

Wani abin da zan roƙa shi ne ku ba yaran damar yin kuskure ba tare da an wulaƙanta su ba. Tawagar da ta gaza gama aiki a kan lokaci, a zaunar da ita a bi diddigin abin da ya faru: an makara sayen kaya ne, ko shugaban ya riƙe komai a hannunsa ya ƙi raba wa 'yan'uwansa, ko ya ji nauyin gaya wa abokinsa cewa ba ya aiki? Irin wannan zama, in an yi shi da mutunci, ɗalibi ba ya manta shi. Ku gayyato tsofaffin ɗalibanku da ke aiki a Lagdo, a gonakin shinkafa, a kan hanyoyi, da waɗanda suka ga aikin gadar da ta haɗa Yagwa da Bongor, su zauna a irin wannan zama su faɗi nasu. Ku gayyato mu ma, masu aikin hannu, muna da abin faɗa.

Ga magadan gari da 'yan'uwana masu kamfanonin gini da za su ga wannan takarda, ku ma da naku. Idan makaranta ta ƙwanƙwasa ƙofa, ku buɗe. Idan aka turo muku yaro, ku yanka masa wani yanki na aikin ku ce nasa ne, ku gaya wa ma'aikata haka a gabansa, sannan ku daure ku bar shi ya yi.

Ranku ya daɗe, ba na neman ku sauya komai a dare ɗaya. Ku zaɓi aji guda a sashen gine-gine ko na ruwa a wannan shekarar karatu, ku zaɓi komin guda da ke kusa da ku, ku sa hannu a yarjejeniya kafin hunturu ya wuce, domin a yi aikin fili da rani a gama kafin ruwan Yuni ya sauka. Ƙarshen shekara ku tara malamai da magajin gari da mutanen ƙauyen da ɗaliban, a faɗi abin da ya yi da wanda bai yi ba, a gyara, sannan a ƙara aji na biyu. Ni a nawa ɓangaren, a shirye nake in karɓi tawaga guda a duk aikin da na samu, in ba shugabanta littafin kuɗi da makullin sito, in kuma zo makaranta in ba da shaida a kan yadda ya riƙe su. Na yi magana da wasu abokan sana'ata a Garwa da Gidar, su ma sun ce a sa da su.

Allah ya ƙara muku lafiya da basira, ya albarkaci yaran da ke hannunku.

Wassalam.

Naku,
wani shugaban ma'aikatan gini, daga Garwa